Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Horo Ya Ke Gyara Tsakanin Gani da Hukunci

Hausawa su kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wanda ya ke son ya ga gaskiyar wannan karin magana, sai ya je Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, arewa da birnin Zariya, lokacin da tumatirin rani ya ke fitowa daga fadamu. Dillali ya kan tsaya a kan kwando, ya yi masa kallo ɗaya, ya faɗi ko zai kai Ikko lafiya ko zai lalace a hanya. A ƙasar Makarfi kuma, inda rake ya ke da yawa, mai dafa mazarƙwaila ya kan dubi kumfar da ta ke tashi, da yadda ruwan ya ke zuba daga ludayi, ya ce a sauke. In ya yi gaggawa ba za ta daskare ba, in ya yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci. Yaron da ya ke iza masa wuta yana kallon abin nan tare da shi, watakila ma idonsa ya fi na maigidan lafiya, amma ba ya ganin abin da maigidan ya gani.

To, ina bambancin ya ke? Ko idon gwani ne ya ƙara kaifi, ko kuwa wani abu ne dabam ya sake a cikin kansa? Tambayar ta shafi malamin makaranta ƙwarai, domin kowace shekara ya kan haɗu da ɗalibin da ba ya jin bambancin baki da baƙi, ko wanda ya ke rikita p da f a Turanci, kuma abin da malamin ya ɗauka shi ne sanadi, shi zai nuna ko ya jure da yaron ko ya fid da rai da shi.

Asalin Magana

Tun a 1858 wani masani Bajamushe, Volkmann, ya gwada taɓa fatar mutum da tsini biyu kusa da juna, ya tarar da cewa in an yi ta maimaitawa, mutum ya kan iya rarrabe tsinin nan biyu a tazarar da a da ya ke jin su kamar ɗaya. Daga baya Eleanor Gibson ta Amurka ta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a littafinta na 1969, ta nuna cewa gani da ji da taɓi duk suna karɓar horo, kuma horon ya kan daɗe.

Sai aka lura da wani abin mamaki. A 1980 Fiorentini da Berardi, a Italiya, suka horar da mutane su rarrabe waɗansu zane-zane masu ratsi a tsaye. Da suka ƙware sai aka kwantar da ratsin, nan da nan gwanintar ta ɓace, sai da aka sake horo daga farko. A 1991 Karni da Sagi suka ga irin wannan: in an horar da mutum a kan abin da ya ke bayyana a wani gefe na ganinsa, aka mayar da shi wani gefen, sai ya koma baƙo. An riga kuwa an sani, daga aikin Hubel da Wiesel na 1959, cewa a zangon farko da saƙon ido ya ke sauka a ɓawon ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, kowace ƙwayar jijiya tana tsaron ɗan ƙaramin wuri ne, kuma tana amsa wa layi mai karkata iri ɗaya kaɗai. Saboda haka masana da yawa suka ce ai magana ta fito: tun da gwaninta ta maƙale wa wuri ɗaya da karkata ɗaya, lalle waɗannan ƙwayoyi na farko su ne horo ya wasa.

Hujja ce mai kyau, amma ba ta rufe ƙofa ba. Barbara Dosher da Zhong-Lin Lu sun nuna a 1998 cewa ana iya samun wannan maƙalewa ko da ƙwayoyin farko ba su sake ba sam, muddin sashen da ya ke yanke hukunci ya koyi waɗanda zai saurara a cikinsu. Domin a gane wannan, sai an san yadda ƙwayoyin su ke ba da labari.

Shaidu da Alƙali

A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma jijiyar da ta fito daga kowane ido tana ɗauke da zare wajen miliyan 1. Ƙwaya ba ta da wata hanyar magana sai bugun lantarki: in abin da ta ke tsaro ya bayyana ta yawaita bugu, in babu ta rage. Amma fa ba ta da tsayayyar magana. In an nuna mata abu ɗaya sau goma, adadin bugunta zai bambanta sau goma. Watau kowace ƙwaya kamar shaida ce wadda ta ga wani yanki na al'amari, kuma ta kan yi kuskure.

Alƙalin da shaidu ɗari suka tsaya a gabansa ba zai ƙirga kawuna kurum ba. Akwai wanda ya ke tsaye a wurin, akwai wanda ya hango daga nesa, akwai wanda ya ji a bakin wani. Sabon alƙali da bai san mutanen gari ba zai ba maganar kowa nauyi ɗaya, surutun masu ji a baki ya danne maganar wanda ya gani da ido. Wanda ya daɗe a gari kuwa ya san wa zai tambaya. Shaidun ba su sake ba, kuma hukuncin ya gyaru.

An gwada wannan misali a zahiri a ɗakin binciken William Newsome a Amurka. A kan zaunar da biri gaban allo, a watsa ɗige-ɗige masu motsi. Waɗansu suna tafiya gefe ɗaya, dama ko hagu, sauran suna yawo barkatai. Aikin biri shi ne ya nuna inda tafiyar ta nufa ta wajen juya idonsa, in ya dace a ɗiga masa abin sha a baki. In an rage masu tafiya tare, aikin ya yi wuya, har a kai inda babu gefen da ya rinjaya, sai cinta kawai. Ana cikin haka kuma an sa wata siririyar waya tana sauraron ƙwaya ɗaya a wani sashen ƙwaƙwalwa da a ke yi wa laƙabi da haruffan MT, inda ƙwayoyin su ke tsaron motsi, kowace da gefen da ta fi so.

Abu uku suka fito. Na farko, a 1989 Newsome da Britten da Movshon suka tarar da cewa waɗansu ƙwayoyi, kowace ita kaɗai, suna gane gefen motsi daidai da yadda birin da kansa ya ke ganewa, waɗansu har su fi shi. Ashe labari mai kyau yana nan a ciki, ba a cin moriyarsa duka. Na biyu, a 1990 Salzman da abokan aikinsa suka zuga wani gungun ƙwayoyi da ɗan lantarki kaɗan, sai hukuncin biri ya karkata zuwa gefen da ƙwayoyin nan su ke so. Wannan ya tabbatar da cewa ana sauraron su. Na uku, a 1996 aka auna abin da za a iya kira dacewar ƙwaya da hukunci. A lokutan da babu gefen da ya rinjaya, in mutum ya saurari bugun ƙwaya ɗaya kaɗai, ya yi ƙoƙarin faɗin abin da biri zai zaɓa, zai dace wajen sau 55 cikin 100, alhali cinta zalla sau 50 ta ke bayarwa. Ratar kaɗan ce, amma ita ce ma'aunin da ya ke nuna yawan kusancin shaida da alƙali.

Shi alƙalin kuma an sami alamarsa. Michael Shadlen da Newsome sun saurari wani sashe da a ke kira LIP, wanda ya ke da hannu a shirya juyawar ido, suka ga bugun ƙwayoyinsa yana hauhawa sannu a hankali yayin da biri ya ke kallo, kamar mai tara hujja, har ya kai wani matsayi, sa'an nan ido ya juya.

Abin da Horo Ya Sake

Duk waɗannan birai an riga an horar da su kafin a fara sauraro. Chi-Tat Law da Joshua Gold na Jami'ar Pennsylvania su ne suka bi al'amarin tun daga ranar farko, suka buga sakamakonsu a 2008. Sun ɗauki birai da ba su taɓa yin aikin ba, suka yi ta sauraron MT da LIP zama bayan zama, har biran suka iya gane motsi mai rauni wanda a da ya gagare su. Da aka duba, ƙwayoyin MT ba su ƙara kaifi ba: yadda su ke amsa wa motsi kafin horo, haka su ke bayansa. Ƙwayoyin LIP kuwa, waɗanda da farko ba ruwansu da gefen motsi, sun koma suna binsa, kuma gyaruwarsu ta tafi kafaɗa da kafaɗa da gyaruwar aikin biri. Har wa yau, a cikin MT, ƙwayoyin da suka fi kaifi tun asali su ne dacewarsu da hukunci ta yi ta ƙaruwa. Alƙali ya gane shaidunsa na ƙwarai ke nan.

Ta yaya ya gane su, alhali ba wanda ya nuna masa? A 2009 Law da Gold suka nuna da lissafi cewa hanya ɗaya mai sauƙi ta isa. Bayan kowane hukunci, a gwada ladan da aka zata da wanda aka samu. In an sami fiye da zato, a ƙara nauyin ƙwayoyin da suka ja zuwa wannan hukunci, in an sami ƙasa da zato, a rage. Da farko wannan ya kan koya wa biri ƙa'idar aikin kurum, watau motsin dama a dubi dama. In aka ci gaba, hanyar nan dai ita ce ta ke tace shaidu har a kai ga gane motsi mai rauni. An kuwa san ƙwaƙwalwa tana da irin wannan saƙo na bambancin zato da samu, domin Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun bayyana shi a 1997 a cikin ƙwayoyin da su ke fitar da sinadarin dofamin.

Wani gwaji na 2008 ya ƙara fito da abin fili. Chowdhury da DeAngelis sun horar da birai su faɗi ko abu yana kusa ko nesa, sa'an nan suka sa wani magani mai sumar da sashen MT na ɗan lokaci, sai aikin biran ya lalace. Bayan haka suka koya musu wani aiki mai bukatar rarrabe nisa ƙanƙane, suka sake sumar da MT, suka koma ga aikin farko. Wannan karon bai lalace ba. Ƙwayoyin MT suna nan da labarin nisa kamar da, amma an daina dogara da su, an koma ga waɗansu. A 2017 Liu da Pack, a Kanada, suka ga kishiyar haka: biran da sumar da MT ba ta dame su sosai ba, da aka horar da su da ɗige-ɗige masu yawo, sai suka koma ba sa iya aiki in babu shi. Ashe irin horon da aka sha shi ne ya ke zaɓen sashen da za a jingina da shi.

Togaciya Biyu

Kada a ɗauka ƙwayoyin farko ba sa sakewa sam. A 2001 Schoups da abokan aikinta, a Beljiyam, sun horar da birai su rarrabe karkatar layi, suka tarar da waɗansu ƙwayoyi na zangon farko sun ƙara kaifi, a daidai wurin da aka yi horon. Amma sauyin kaɗan ne in an gwada shi da yawan gwanintar da biran suka samu, kuma Ghose da Yang da Maunsell, a 2002, ba su ga irinsa ba a nasu gwajin. A wajen taɓi da ji kuwa, Recanzone da Merzenich sun nuna a 1992 da 1993 cewa filin da ƙwaƙwalwa ta ware wa yatsan da aka horar, ko sautin da aka horar, ya kan faɗaɗa. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne sauyi yana faruwa a zango da yawa, kuma a gwaje-gwajen gani da dama kaso mai tsoka yana wajen sauraro.

Ta biyu, dacewar ƙwaya da hukunci ba kullum ta ke nufin ƙwayar ce ta jawo hukuncin ba. Nienborg da Cumming sun nuna a 2009 cewa wani kaso nata daga sama ya ke gangarowa: in hankali ya fara karkata ga wata amsa, sai ya koma ya ƙarfafa ƙwayoyin da su ke goyon bayanta. Shaida ya kan dubi fuskar alƙali ya gyara maganarsa. Wannan shi ne haɗarin gwani: wanda ya saba ganin abu ya kan gan shi ko inda babu shi.

Kunnen Ɗalibi

Harshe shi ne horo mafi tsawo da kunne ya ke sha. A 1984 Werker da Tees, a Kanada, suka gwada jariran da a ke yi wa Turanci a gida da baƙaƙen waɗansu harsuna, ciki har da biyu masu fita da ƙarfin maƙogwaro irin na ƙ ta Hausa. 'Yan wata 6 zuwa 8 suna jin bambancinsu, amma 'yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kunnen bai lalace ba a wata huɗu. Abin da ya faru shi ne an daina ba da nauyi ga bambancin da ba ya sake ma'ana a harshen gida.

Wannan ya bayyana abin da malamai su ke gani kullum. Ɗan Hausa ya tashi yana rarrabe kara da ƙara, da daka da ɗaka, da bari da ɓari, ba tare da ya san yana yi ba, ɗalibin da ya zo daga wani harshe kuwa duk ɗaya ya ke jin su. Shi kuma ɗan Hausan p da f su ke ba shi wahala, domin a Hausa ko da wanne aka furta kalma ma'anarta ba ta sakewa. Akwai kuma matsala ta uku, wadda ta fi shafar ɗaliban nazarin Hausa. Kowane Bahaushe ya san wuyan da a ke rataya wa laya dabam ya ke da wuyar aiki, kukan yaro dabam da kukar miya, garin tuwo dabam da garin da a ke zaune a ciki. Amma rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ko da ya ke ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya nuna su. Saboda haka in aka ce ɗalibi ya sa alamar karin sama da na ƙasa a kan kalma, sai ya rikice. Labarin yana cikin kansa, yana aiki da shi wajen gane ma'ana, amma ba a taɓa haɗa shi da wannan sabon hukunci ba. Halinsa ɗaya da birin da MT ɗinsa ya san motsi tun LIP bai koya ba.

Gyara kuwa yana yiwuwa ko bayan girma. A 1991 Logan da Lively da Pisoni suka horar da manyan Japanawa su rarrabe r da l na Turanci, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa waɗanda suka ji muryoyin mutane da yawa sun fi iya kai gwanintar ga sabuwar murya, bisa ga waɗanda suka saba da murya ɗaya. A 1999 Wang da abokan aikinta suka koya wa Amurkawa karin sautin Sinanci cikin mako 2, kuma bayan wata 6 abin yana nan.

Abin da Malami Zai Ɗauka

Na farko, a bambanta rashin lafiyar gaɓa da rashin horo. Yaron da ba ya jin kira daga bayansa, ko ba ya ganin allo, asibiti ya ke bukata. Wanda ya ke ji sarai amma ya ke haɗa baƙaƙe biyu, horo ya ke bukata, kuma kiransa daƙiƙi zalunci ne.

Na biyu, ɗalibi ya yanke hukunci da kansa, a gaya masa nan take ko ya dace. Herzog da Fahle sun nuna a 1997 cewa koyo ya fi tafiya daidai in ana faɗin sakamako, in kuwa sakamakon da a ke faɗi ba ya bin gaskiyar amsa, koyon ya kan tsaya. Malamin allo da ya ke tsayar da almajiri a kan harafi har ya fitar da shi daga mafitarsa ya daɗe a kan wannan hanya. Aikin da aka karɓa yau aka mayar bayan mako uku ba ya gyara kunne.

Na uku, a fara da bambanci mai faɗi, a riƙa matse shi, kuma a yawaita muryoyi da kalmomi da wurare. A 2008 su Xiao suka nuna cewa maƙalewar nan da Karni da Sagi suka gani ba tilas ba ce: in aka ba sabon wurin wani horo, ko da na wani aiki ne dabam, gwanintar ta kan bi ta can.

Na huɗu, a rarraba horo a kan kwanaki. Karni da abokan aikinsa a 1994, da Stickgold da nasa a 2000, sun nuna cewa gwanintar gani ta kan ƙara zama bayan barci, kuma wanda aka hana barci a daren farko ya kan yi hasararta. Minti 10 kowace safiya sun fi sa'a 2 a yini ɗaya.

Darasi na ƙarshe daga fadamun Hunkuyi da Ikara ya fito. Wata tsutsar tumatir, Tuta absoluta, wadda manoma su ke kira sharon, asalinta Amurka ta Kudu, ta shiga Sifen a 2006, aka ga ɓarnarta a arewacin Nijeriya a 2015, har a watan Mayu na 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsar tana shiga tsakanin fata biyu na ganye ne ta ci daga ciki, ta bar wani tabo fari-fari mai ɗan baƙin kashi, kuma ta kan huda ɗan tumatir ta ƙarƙashin hularsa. Manomin da ya shekara talatin yana karanta ganye ba a taɓa horar da idonsa a kan wannan alama ba, ga shi kuma kafin ɓarna ta fito fili tsutsa ta riga ta ɓuya inda feshi ba ya cim mata da sauƙi. Gwaninta ta abin da aka saba ce kaɗai. Malamin gona da ya ke son a gane ta da wuri, lacca ba za ta wadatar ba. Sai ya tara ganye masu ita da marasa ita, da masu tabon wata cuta dabam, ya miƙa wa manomi ɗaya bayan ɗaya, shi ya faɗa, a gyara masa, gobe a sake da waɗansu ganyen. Haka mai mazarƙwaila ya ke yi da yaronsa: ya kan tambaye shi ko ta yi, yaro ya amsa, sa'an nan a sauke a gani. Bayan kaka biyu ko uku, sai a bar masa ludayin.